Gyaran mukayyif a zafin Makka

Sana'armu ta wata biyar ce a shekara. Daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba wayar warsha, wato shagonmu na gyara, ba ta hutawa, sauran watannin kuwa sai wanke-wanke da ɗaura sababbi a gidajen amare. Warshar tawa ƙarama ce, a wani lungu bayan Shari'a Mansur: ni, da ɗana na uku, da yara biyu masu koyon aiki, da wani ɗan Bangaladash da ya daɗe da mu har gaisuwa yake da Hausa. Motar kaya ɗaya, tsani, injin wanki, tukwanen gas. Mukayyif muke gyarawa, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga da siblit, wanda rabinsa ke ɗaki rabi a waje.

Na haura saba'in. Gwiwa ta daina yarda da tsani, likita kuma ya ce da sukarin da ke jikina kada rana ta riske ni a waje. Aikina yanzu kujera ne da waya da littafi. Wanda bai san sana'ar ba zai ce an bar tsoho yana gadin shago. Amma idan zafi ya tsaya a 44 ko 45 kwana da kwanaki, kira ya fi hannuwa yawa, dole wani ya yanke gidan da za a fara zuwa, kuma ban yarda in bar wa yara wannan ba. Yaro wanda ya fi ɗaga murya yake bi, ko wanda ya ce zai ƙara kuɗi.

Tambaya biyu nake yi kafin in tambayi irin na'urar: wa yake kwana a ɗakin, kuma akwai wani ɗaki mai sanyi a gidan? Mai gida mai mukayyif biyar da ɗaya ya tsaya zai iya jira har jibi, ko da ya ce shi wane ne. Tsohuwa a ɗaki ɗaya a saman dutse, inda mota ba ta kaiwa sai an taka matakala, ita ce farko. Bayanta mai jego, sai mai jinya. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ce mini, "Baba, ni fa kwastomanka ne tun da daɗewa." Na ce, "Alhaji, shi ya sa na san falonka na sama lafiya lau yake. Ku kwana can yau." Ya yi fushi, ya kira wasu. Da zafi ya wuce ya dawo wurina, don ba a rabuwa da mai gyara a kan kwana ɗaya.

Dalilina ba tausayi kaɗai ba ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, gumi ma ba ya zuwar masa da wuri, ni shaida ne a jikina. Sai ya zauna shiru a ɗaki mai zafi yana cewa lafiya lau, har magana ta fara rikice masa. Na gaya wa yarana, in sun shiga gida suka tarar da dattijo jikinsa rau da zafi yana amsa abin da ba a tambaye shi ba, su ajiye sukundireba, su jiƙa shi da ruwa, su kira 997, motar asibiti. Duk wanda yake garin nan a Hajjin 2024 ya san abin da nake faɗa. Awon zafi a Harami ya kai 51.8, hukuma kuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka zo ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ba su da tanti ko motar da za su fake. Allah ya jiƙansu. Da yawa dattawa ne.

Mahaifina da ƙafa ya zo daga ƙasar Haɗeja, ta Chadi da Sudan, ya haye teku daga Sawakin. Yakan ce bazarar gida tana da kunya, domin komai tsananinta hadari na biye da ita, ta Makka kuwa ba abin da ke bayanta sai wata ranar. Duk da haka sun rayu ba mukayyif. A Misfala inda na tashi, a rufin gida ake kwana. Da la'asar a yayyafa ruwa a daɓe, a shimfiɗa tabarmi, randa na gefe tana tsatsafo. Gidajen masu hali na dutse ne masu kaurin bango, da rawashin, wato tagogin katako da iska ke ratsawa. Masu kuɗi su haura Ɗa'ifa su yi watannin zafi a can. Ba ina cewa da ta fi yanzu ba, mutane sun sha wuya, yara sun yi ta fama da ƙuraje. Abin da ya canja shi ne ginin. Bulo da siminti suna shan rana tun safe su yi ta amayar da ita har asuba, tagogi ƙanana, gida manne da gida, kowane mukayyif kuma yana huro zafinsa cikin lungu ɗaya. Ɗakin yanzu in na'ura ta tsaya tanderu ne. An gina garin bisa sharaɗin wuta ba za ta ɗauke ba.

Kira goma, takwas da magana ɗaya suke farawa: "Gas ya ƙare, a zo a ƙara." Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe yana zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya zo ya ɗura ya karɓi kuɗi ya tafi bai nemi hujin ba, ya sayar maka da sanyin sati uku ne. Mu kumfar sabulu muke shafawa a mahaɗai har mu ga inda take tashi, a yi walda, a zuƙe iskar ciki da injin, sannan a ɗura. Kuma tsofaffin na'urori gas ɗin R22 suke sha, sababbi R410A, wanda matsinsa ya fi ƙarfi sosai, ba a haɗa su. Na ga kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin, da yawa da wannan ganganci ya kashe.

Galibi ma ba gas ɗin ba ne. Ƙura ce. Ragar waje in ta toshe, zafi ba ya samun hanyar fita, kwamfuresa ya yi ta nishi har ya yanke. Wanki kawai yake so. Na biyu kafasita, wani ɗan gwangwani da ke tayar da kwamfuresa, wanda zafi ke kumbura shi. In ka ji na'ura ta yi gunji ta yi shiru, fanka na juyawa amma iska ba sanyi, yawanci shi ne. Kuɗinsa kaɗan ne, canja shi minti goma. Marasa tsoron Allah a nan suke cin kasuwa, su ce kwamfuresa ya ƙone. Ni har yanzu ta waya nake gane rabin wannan. Sai in ce, "Hajiya, kusanto da wayar jikinsa, ki kunna." Kunne bai tsufa kamar gwiwa ba.

Akwai kuma tattabaru. Bayan siblit wuri ne da suke so, inuwa ga tudu, sai su cika shi da tsinke da gashi. A wani gari sai a share kawai. Nan cikin iyakar Harami muke, ba a kashe tsuntsunsa, ba a firgita shi, malamai kuma sun ce fansar tattabarar Harami tunkiya ce. In yara suka tarar da ƙwai ko 'ya'ya sai su kira ni. Mukan wanke ta gefe a hankali, mu bar sheƙar, mu gaya wa mai gida in sun tashi ya kira mu a sa waya a kewaye wurin. Wasu masu gidan ba sa jin daɗi, amma ban taɓa samun wanda ya ce a jefar ba.

Ranarmu a rabe take biyu. Doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ni kuwa tun kafin 11 nake sauko da su daga rufi, domin ƙarfen na'ura a lokacin ba ya taɓuwa. Bayan asuba suke fita. Da rana a ja ƙofa rabi, a ci abinci, su miƙe a kan kwali, ni in yi lissafi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in zafi ya tsananta a jinkirta salla har a samu sanyi, to balle hawa bene da tukunyar gas a kafaɗa. Bayan la'asar a koma, wani lokaci har ɗayan dare. Ni ba na kai wannan. In an yi isha'i ɗana ya mayar da ni gida, littafin na hannuna.

Kuɗin wuta ya canja mana kasuwa. Kafin 2018 matakin farko halala 5 ne kowane kilowat (halala ɗari ce riyal ɗaya), daga Janairun shekarar ya koma 18, in an wuce 6,000 a wata ya zama 30. Tun daga nan mutane suka fara tambayar abin da da ba sa tambaya. Ina gaya musu su bar rimot a 24. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi, hana kwamfuresa hutu kawai yake. In za su sayi sabo su duba takardar da ke manne a jiki, layin da aka rubuta T3, wanda aka gwada a zafi 46, don shi ne ya yi kama da garinmu. Tsohon na taga kuwa, mai ƙara kamar injin niƙa, ba na saurin cewa a yar. Yana shan wuta, gaskiya ne, amma talaka zai iya gyara shi sau goma, siblit na zamani in allon lantarkinsa ya ƙone kusan kuɗin sabo ne.

Alhazanmu da ke sauka Misfala in sun ji sana'ata sukan tambaye ni ko bututun ruwan sanyi ne a ƙarƙashin filin ɗawafi. Babu. Farin marmara ne da aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya riƙe zafi. Cikin masallacin ne ake sanyayawa daga manyan tashoshi biyu, ta Ajyad da ta Shamiyya.

Hajji yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya kama hanyar fita daga tsakiyar zafi. A shekarun nan da suka wuce aiki biyu ne ke haɗe mana lokaci guda, masu gidajen alhazai na son a wanke na'ura ɗari kafin jirage su fara sauka, unguwa kuma na kira. Nan gaba za su rabu, wankin gidajen alhazai ya zo da wuri, zafi ya biyo baya, wata biyar ɗinmu ta zama bakwai. Na ce wa ɗana ya fara neman yaro na uku tun yanzu, kuma ya sayi kafasita da yawa a Fabrairu, kafin 'yan kasuwar kayan gyara su tuna cewa zafi na zuwa.