Wata huɗu ina kiwon dodanni a Ohio

Jiya da daddare, 31 ga Oktoba, muka rufe ƙofa, har yanzu ƙafafuna zugi suke yi. Tun watan Yuli ni da abokin aikina muka kama hayar wani tsohon sito a bayan gari a jihar Ohio ta Amurka, muka ce za mu mai da shi gidan ban tsoro na Halloween, bikin shigar dodanni da ake yi a ƙarshen Oktoba. Kafin a fara mini wa'azi, ba bikina ba ne, kasuwa na hango. Mutanen nan kuɗi suke biya a razana su!

Na ɗauka kuɗinmu a kan dodanni zai ƙare. Ashe jami'in kashe gobara ne mai faɗa a ji. Ya shafa baƙin yadin da muka rufe bango da shi, ya ce a yaye, sai wanda ba ya saurin kama wuta. Ga ƙofofin gaggawa, ga fitilun nuna mafita. Da na fara ƙorafi sai ya tuna mini gobarar 1984 a New Jersey, wadda ta ci matasa takwas a irin wannan gida. Bakina ya mutu.

Ƙaton dodon roba da na kashe wa kuɗi kuwa, ko yara ba su kula shi ba. Wata siririyar ɗaliba ce ta riƙe mana kasuwa. Tana laɓe bayan wani allo, sai an wuce ta sake shi, garam! Wani jibgegen mutum da gudu ya fita, takalminsa ƙafa ɗaya yana nan a ofis, bai dawo ɗauka ba.