Abin da aka yi wa Ariana Dumbledore, da hasashen da muke ta yi a kai

Duk wanda bai karanta littafi na bakwai na Harry Potter ba kuma yana da niyyar karantawa, to ya dakata anan, don zan fasa ƙwai gaba ɗaya.

Maganar Ariana nake son yi, ƙanwar Albus Dumbledore shugaban makarantar sihiri ta Hogwarts, yarinyar da ko kalma ɗaya ba mu ji daga bakinta ba a littattafan nan bakwai amma har yau masu karatu ba su daina cacar baki a kanta ba. Abinda muka sani tabbas daga bakin Aberforth muka ji shi, yayanta na biyu, a mashayarsa da ke Hogsmeade, ƙauyen da ke kusa da makarantar, daren da za a gwabza yaƙin ƙarshe. Tana shekara 6 tana wasa a bayan gida, wasu yara maza uku marasa sihiri suka leƙo ta shinge suka ga tana yin sihiri, irin wanda ƙaramin yaro ba shi da iko a kansa, fitowa kawai yake yi. Suka kutso ciki suka ce sai ta nuna musu dabarar, ta kasa, sai suka far mata wai don su hana ta. Iya nan Aberforth ya tsaya. Ya dai ce sun wuce gona da iri kuma daga ranar ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta ƙi yin sihiri, shi kuma sihirin ya ƙi barinta, ya koma ciki yana cinta, in ya taru sai ya fashe. Babansu Percival ya bi yaran ya illata su, aka kai shi kurkukun Azkaban, ya ƙi faɗin dalili har ya mutu a can, saboda in ma'aikatar sihiri ta san halin da 'yarsa ke ciki to kulle ta za a yi a asibitin St Mungo's har ƙarshen rayuwarta. Uwar, Kendra, ta kwashi yaranta ta koma Godric's Hollow ta ɓoye ta a gida. Tana shekara 14 abin ya motsa mata Aberforth ba ya nan, uwar ta rasa ranta. Ba a jima ba ita ma Ariana ta mutu a tsakiyar faɗan da ya kaure tsakanin Albus da Aberforth da Grindelwald, abokin Albus na samartaka wanda daga baya ya zama mugun masihirci.

Shi kenan fa labarin, bai fi 'yan shafuka ba, amma kusan duk rayuwar Albus a kansa take zaune.

Abinda ke burge ni shine tun littafin farko na 1997 marubuciyar, J.K. Rowling, ta fara ajiye alamu ba wanda ya kula. An siffanta hancin Albus da cewa a karkace yake kamar an taɓa karya shi, muka ɗauka siffa ce kawai, ashe Aberforth ne ya naushe shi a wurin jana'izar Ariana. Sannan madubin nan mai nuna wa mutum abinda zuciyarsa ta fi so, Harry ya tambayi Albus me yake gani a ciki, ya ce safa mai kauri, kuma Harry da kansa da ya koma ya kwanta ya yi tunanin anya gaskiya aka faɗa masa. Sai kuma babbar alamar, a littafi na shida da ya fito 2005, cikin kogon nan inda Albus ya sha ruwan guba kofi bayan kofi yana kuka yana roƙon kar a cutar da su, laifinsa ne, shi a cutar. Su wa? Ba a faɗa ba. Shekara biyu cur masu karatu suka yi suna juya wannan wurin kafin na bakwai ya fito a 2007. Hasashen da ya fi saurin zuwa ran mutum shine ɗalibansa yake gani ana azabtarwa, ko kuma yaran nan biyu na gidan marayu da Tom Riddle, wato Voldemort babban maƙiyin Harry, ya taɓa shiga da su kogon yana ƙarami. Duk masu ma'ana ne, kuma ba za ka zargi kowa da rashin gano ƙanwar ba tunda ba a taɓa ambatonta ba. Amma wanda ya tsaya ya saurari kalaman da kyau ya riga ya kama rabin gaskiyar, mutumin nan ba tsoron abinda zai faru yake ba, abinda ya riga ya faru ne yake ɗaukar alhakinsa. Irin wannan hasashen nake so, wanda ke bin sawun abinda aka rubuta a shafi.

To yanzu ga wanda ya fi damuna. Me yaran nan uku suka yi mata takamaimai? Akwai masu karatu da yawa da suka tsaya kai da fata cewa fyaɗe ne, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne, dole a faɗi gaskiya. Suna cewa dubi yanda Aberforth ya kauce wa bayani, mutumin da ba ya tauna magana, wanda a daren ya fito fili ya ce wa Harry ya gudu ya tsira da ransa don yayansa ba abin yarda ba ne, amma da ya zo kan wannan sai ya dunƙule maganar. Dubi yanda uba ya fusata har ya gwammace kurkuku. Dubi yanda yarinyar ta lalace gaba ɗaya. Sannan littafi ne da yara ke karantawa, in ma hakan ne ba za a rubuta ƙarara ba. Na ji duk wannan kuma ban ce ba zai yiwu ba.

Amma ni inda na tsaya shine, littafin bai buƙaci hakan ba kafin abin ya kai munin da ya kai. Yarinya ce 'yar shekara 6 fa. Yara maza uku sun tsallako cikin gidansu, wurin da ta ɗauka ba abinda zai same ta, sun tsorata ta sun cutar da ita a kan wani abu da ke fita daga jikinta ba da son ranta ba. Abinda ƙwaƙwalwar yaro za ta ɗauka daga nan shine wannan abin da ke cikina shi ya jawo min, don haka dole in danne shi. Wannan kaɗai ya isa ya rusa yaro wallahi. In muka dage sai mun ƙara wani abu a kai kafin mu yarda ciwon ya kai, to kamar muna cewa duka da firgici da wulaƙanci ba su isa su karya mutum ba kenan, kuma akwai mutane da yawa a duniyar gaske da abinda ya karya su bai da sunan da zai girgiza jama'a, suna fama a ɓoye suna jin kunyar cewa nasu bai kai a yi kuka a kai ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga muhawarar ta koma gasar wa zai kawo mafi muni, ana ƙara gishiri ana zayyana yanda abin ya faru dalla-dalla kamar an manta yarinya ake magana a kai.

Kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, littafin da kansa ya nuna mana masu hasashe tun kafin mu fara namu. A wurin bikin auren Bill da Fleur, tsohuwar nan Muriel ta zauna tana baza labari cewa Ariana ba ta da sihiri ne sam, shi ya sa uwar ta ji kunya ta kulle ta a ɗakin ƙasa, har tana raɗa cewa ƙila ma an kashe ta ne. 'Yar jaridar nan Rita Skeeter kuma ta je ta tatsi tsohuwa Bathilda Bagshot, maƙwabciyarsu a Godric's Hollow, wadda hankalinta ya fara gushewa ta rubuta littafi guda a kai. A ɗaya gefen ga Elphias Doge, aminin Albus, shi kuma ya rufe ido ya ce rashin lafiya ce kawai ba komai. Dukansu sun ga alamu na gaskiya, yarinyar ba ta fita, ba ta je makaranta ba, ba a taɓa kai ta asibiti ba, an yi faɗa a jana'izarta. Muriel da Rita suka cike gurbin da abinda ya fi daɗin gulma, Doge ya cike da abinda ya fi kwantar masa da hankali, kuma duk sun kauce. Gaskiyar ta zo akasin zaton Muriel ma, sihirin yawa ya yi mata ba rashi ba, kuma ɓoyon da aka yi mata ƙauna ce da tsoro suka haɗu. Ni a ganina wannan gargaɗi ne gare mu masu karatu, ruwa ba ya tsami banza gaskiya ne, amma sanin cewa akwai dalili daban yake da sanin dalilin.

Hasashe na biyu ya fi sauƙi. Da fim ɗin Fantastic Beasts ya fito a 2016 aka gabatar da Obscurial, wato yaron da ya danne sihirinsa saboda azaba har wani baƙin ƙarfi ya tsiro a cikinsa yana fashewa yana ɓarna, nan take mutane suka ce ai Ariana kenan. Kowace siffa ta dace da bayanin Aberforth. Abinda ya ɗan kawo tantama shine an ce irin yaran nan ba su cika wuce shekara 10 ba ita kuwa ta kai 14, sai dai a fim ɗin ma akwai wani Obscurial mai suna Credence da ya wuce haka nesa. A fim na uku na 2022 Albus ya tabbatar da bakinsa cewa Ariana Obscurial ce. Masu karatu sun ci wannan kam, kuma sun ci ne don ba su ƙirƙiro komai ba, abu biyu da ke rubuce suka haɗa. Damuwata ɗaya ce, tunda aka samu sunan sai wasu suka koma lissafin ƙarfinta, wa za ta iya kayarwa, ko Grindelwald ya so ya yi amfani da ita a matsayin makami. Alhali abinda Aberforth ya tuna game da ita shine in ta natsu tana da daɗin zama, tana taya shi ba awaki abinci, kuma shi kaɗai ke iya lallashinta ta ci abinci in ta ƙi.

Wanda ya fi ɗaukar tabon a fili kuwa Albus ne, kuma anan marubuciyar ta yi aiki sosai. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa ɗaya daga manyan alamun ciwon da mummunan abu ke bari shine gujewa, mutum ya tsara rayuwarsa gaba ɗaya don kar ya sake kusantar abinda ke tuna masa. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan larura a littafinta na cututtuka a hukumance, bayan abinda aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da ma wasu. Dubi Albus da wannan idon. An yi masa tayin kujerar ministan sihiri ba sau ɗaya ba ya ƙi, don ya san me son mulki ya jawo masa yana saurayi. Grindelwald yana ta kashe mutane a Turai shi kuma yana jan ƙafa bai tunkare shi ba sai 1945, ba don tsoron ƙarfinsa ba, tsoron kar ya faɗa masa wanda ya kashe Ariana. Ya zauna a Godric's Hollow, garin da iyayen Harry suka mutu, kaburburan danginsu a maƙabarta ɗaya, amma ko sau ɗaya bai taɓa faɗa wa Harry ba. Sannan a tsufansa, mutumin da ya fi kowa wayo da taka tsantsan, ya ga zoben da ke ɗauke da dutsen dawo da matattu, ya san sarai Voldemort ya taɓa shi, amma ya manta komai ya zura a yatsa don yana son ganinsu ya nemi gafara. Wannan ne ya ƙone masa hannu ya sa masa wa'adin shekara guda. Duk wannan ba ya wanke shi daga yanda ya yi ta ɓoye wa Harry abubuwa yana juya mutane, Aberforth yana da gaskiya da ya ce a gaban uwarsu Albus ya koyi ɓoye-ɓoye kuma ya ƙware. Ya dai sa na fahimci daga ina halin ya fito.

Saura na ƙarshe, sihirin wa ya same ta ya kashe ta a wancan faɗan. Anan ma an kasu uku. Masu cewa Grindelwald ne suna kafa hujja da cewa shi ya fara azabtar da Aberforth kuma shi ya tsere daga garin nan take. Masu cewa Albus ne suna cewa tsoron da ya yi shekara da shekaru ba na banza ba ne, ƙila a can ƙasan ransa ya sani. Akwai ma masu cewa Aberforth ne, wai zafin da yake yi wa yayansa hanya ce ta kauce wa zargin kansa, wannan kam yana min ciwo in na karanta don shi ne ya fi kowa sonta, amma shi ma da bakinsa ya ce zai iya zama kowanne a cikinsu ukun. Ni ban zaɓi ko ɗaya ba, kuma ba don na rasa ra'ayi ba ne. In aka ce Grindelwald ne, 'yan'uwan biyu sun samu mafita, sai su ɗora wa baƙo su huta. In aka ce Albus ne, Aberforth ya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari labarin ya koma na mai laifi da wanda aka zalunta. Rashin sanin ne ya riƙe su kusan shekara ɗari, ɗaya a makaranta ɗaya a mashaya, tafiyar 'yan mintuna tsakaninsu, suna gaisawa suna aiki tare a ƙungiya ɗaya ta masu yaƙi da Voldemort amma maganar tana nan ba a taɓa warware ta ba. Ko Harry da ya samu damar tambaya a haɗuwarsu ta ƙarshe, lokacin da Albus ke hawaye yana ba shi labarin komai, bai tambaya ba, littafin ya ce ba ya son sani kuma ba ya son a tilasta wa dattijon faɗa. Duk mai hasashen da zai kawo min suna ɗaya, ina so ya fara yi min bayanin me ya sa aka rubuta wannan wurin haka.