Katun ɗin da nake bayarwa gyara

Shagona ɗan ƙarami ne a bakin titin unguwarmu a Kano: kwamfuta ɗaya, benci, wayoyin caji, sai janareta saboda halin wuta. Sana'ata tura fina-finai a waya da memori. Abin da ya fi tafiya fassarar Indiya ce da masu dogon zango na Hausa. Katun kuwa gyara nake yi da shi. Idan uwa ta aiko, sai in ƙara mata ɗaya don yara su bar ta ta yi girki.

A haka na tura wa wata maƙwabciyarmu My Neighbor Totoro, fim ɗin Japan da Hayao Miyazaki na kamfanin Ghibli ya fitar a 1988. Ni kaina ban kalle shi ba a lokacin. Bayan kwana biyu sai ga 'yarta: "Baba, wai in ji Umma ko akwai irinsa? Jiya har kuka ta yi." Kafin mako ya zagayo, gida huɗu sun aiko, kowa na cewa a tura masa na yarinyar da ta ɓata.

Da daddare na kunna mana a gida. Yaya da ƙanwa ne, Satsuki da Mei, sun koma ƙauye da mahaifinsu, uwarsu na kwance a asibiti. Saƙo ya zo cewa an ɗaga zuwanta gida, yaran suka yi faɗa, sai Mei, 'yar shekara 4, ta rungumi masara ta kama hanyar asibiti ita kaɗai. Aka tsinci takalmin yaro a kududdufi. Mutanen ƙauye suka shiga lalube da dogayen sanduna, yayar ta taho a guje ba ta ko iya numfashi. Daidai nan uwargida ta ajiye tsintar shinkafa. Sai da yarinyar ta duba takalmin ta ce ba na ƙanwarta ba ne, sannan na ji uwargida ta ce "Alhamdulillahi" a hankali.

Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san wannan fargabar da damina, kuma kowace 'yar fari ta san nauyin a ce ƙanwa ta ɓata a hannunta. Ba a fassara fim ɗin da Hausa a wurina ba, babu bos, babu rawa, amma matan nan sun gane komai.

Maza sun fi ja da baya. Wani tela ya ce shi ba ya kallon zanen yara, washegari ya dawo yana tambayata ko uwar ta warke. Yanzu na fitar da fim ɗin daga cikin gyara, na buɗe masa waje na musamman a kwamfuta, kuma in uwa ta aiko nakan ce a faɗa mata ta zauna su kalla tare da yaran.