Tsohon Injin Wanki Da Na Tayar A Cardiff

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Cardiff, babban birnin Wales, inda sanyi ya fara shigowa, shanya kuma ta koma cikin ɗaki.

A kasuwar 'yan gwanjo ta ranar Lahadi na ci karo da wani ɗan injin wanki na kamfanin Hoover, tsayinsa bai kai ƙuguna ba, mutum ɗaya ya ɗauke shi cak. Dattijuwar da ke sayar da shi ta ce na mahaifiyarta ne, ya daɗe ajiye a gareji. Na saye shi don hayar ɗakina ba ta haɗa da injin wanki ba, kuɗin shagon wanki kuwa ya ishe ni.

Sai daga baya na san abin da na ɗauko. Irinsa ne na farko da Hoover ya fara ƙerawa a masana'antarsa ta garin Merthyr Tydfil, wadda aka buɗe a 1948, tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa daga nan. Akwai lokacin da ta ɗauki ma'aikata sama da 5,000, amma a 2009 aka daina ƙera injin wanki a cikinta.

Da na kwance noti huɗu na leƙa cikinsa, sai na ji daɗi ya kama ni. Mota ɗaya, wato na'urar lantarkin da ke juya injin, bel ɗaya, sai wani faifai mai tudu-tudu a jikin bangon tukunyar, shi ke kaɗa ruwa ya riƙa juya kaya. Shi ke nan fa. Babu allon kwamfuta, babu abin da aka liƙe da gam don kada a buɗe. Bel ɗin ya bushe ya tsattsage, na auna shi da igiya na samo daidai shi a shagon kayan gyara. Robar da ke tare ruwa a bayan faifan ita ta ba ni wahala. Ta ƙandare kamar busasshiyar fata, ruwa na ɗiga ta nan kai tsaye wajen motar. Mako uku ina nema kafin na dace, na goge tsatsar sandar, na shafa giris na mayar.

Wayar wutarsa ce dalilin wannan wasiƙa. Da na lanƙwasa ta, robar jikinta ta farfashe a hannuna kamar ƙanzo, ga jan ƙarfe tsirara. Launinta na da ne: ja, baƙi da kore. Koriyar nan, wadda ke sauke wuta zuwa ƙasa idan an sami matsala, ta riga ta tsinke daga jikin injin. Da na jona shi a haka na tsoma hannu cikin ruwa, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Na sauya wayar gaba ɗaya, na sa fulogi mai fiyus, sannan na kai shi zaman Repair Café, inda masu sa kai ke gyara wa jama'a kaya kyauta, wani dattijo ya gwada min shi da na'ura kafin na yarda na kunna.

Ina roƙonku da Allah, duk wanda ya sayi injin wanki na hannu a Sabon Gari ko wata kasuwa, ya sa mai wayarin ya duba masa wannan waya ta uku mai sauke wuta zuwa ƙasa, a injin da kuma a bangon gidan. Na sha ganin an cire fulogi an cusa waya biyu cikin soket da tsinken ashana. Injin wanki ƙarfe ne cike da ruwa, kuma sau da yawa yarinya ce tsaye a gabansa, ƙafa ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti.

Aiki da shi kuwa sai da hannunka a ciki. Ba ya dafa ruwa, ba ya ja da kansa, bokiti nake zuba masa. Riga huɗu ko biyar yake ci, minti huɗu sun fita, idan ka wuce haka sai su cukurkuɗe. Fararen kaya nake fara sawa, masu duhu su biyo baya a ruwa guda, kamar dai yadda iyayenmu ke tattalin ruwan kumfa. A samansa akwai abin matsewa da ake juyawa da hannu, sak injin taliya. Sai ka naɗe maɓallai ciki kafin ka tura riga, in ba haka ba ya fasa su. Na yi asarar biyu kafin na gane. In an gama, ka sauke tiyo cikin bokiti ruwan ya tsiyaye.

Ranar Asabar da ta wuce na wanke jallabiyar da na zo da ita daga gida a cikinsa, tana nan rataye kusa da hita. Ku gaida iyaye da yara.

Naku,
ɗan uwanku a Cardiff