In ma'aikaciya ta kawo ƙarar ogan ta, wa ake ɗauke wa daga wurin?

Na daɗe ina son yin magana a kan yadda muke binciken ƙorafin cin zarafi a wurin aiki, musamman mu nan ƙananan hukumomin Jigawa inda ofishin ma'aikata ɗaki biyu ne da kabad ɗin fayil, kuma kowa ya san gidan uban kowa. Ni a ƙarƙashin daraktan kula da ma'aikata nake aiki, an sha saka ni a kwamiti ina rubuta abin da aka tattauna, to abin da zan faɗa da idona na gani.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kafin takardar ƙorafi ta iso teburinmu an riga an kashe maganar a zaure. Yarinya ce 'yar kashuwal, wato ma'aikaciyar wucin gadi, a asibitin ƙauye, ko malama sabuwar ɗauka, oga ya matsa mata da kiran waya cikin dare, ya ce ta same shi a ofis bayan an tashi, da ta ƙi sai sunanta ya koma aikin dare sati bayan sati, ko a riƙe mata ɗan alawus ɗin da ba ya kai ta ko'ina. In ta daure ta faɗa, washegari ga kawun mutumin a ƙofar gidan babanta, ga dattijan unguwa, ga ɗan siyasar mazaɓa, Malam dan Allah a yi haƙuri a rufa wa juna asiri, mai iyali ne fa, kar a raba shi da abincinsa. Shi kuma uba yana tunanin aurenta, don a garuruwanmu in aka ce wance ta yi rigima da namiji a wurin aiki ba mai tambayar wa ya fara. Sai ta zo ta ce ranka ya daɗe na janye. Ni ba na ƙin sulhu wallahi, amma sulhun da aka yi ba a tantance wa aka zalunta ba, danne ta aka yi kawai.

In ma an kai ga kwamiti, to ga maza biyar sun jeru, biyu abokan hirarsa ne a majalisa bayan la'asar, a kira yarinya ta zauna ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, a ce mata to faɗi abin da ya ce miki baki da baki. Ta yaya za ta faɗa? Wannan maganar ko a gaban yayarta ba za ta iya maimaitawa ba. Sai a rubuta ta kasa kawo hujja.

Alhali hujjar tana nan in ana son ganinta. A sa mace a kwamitin, babbar nas ko wata malama mai shekaru, ta zauna da ita su biyu ta ce 'yata gaya min, a rubuta a karanta mata da Hausa ta sa hannu. A duba wayarta, saƙon WhatsApp da na murya da lokacin kira duk suna nan da kwanan wata. A ɗauko jadawalin aiki na wata uku a ga ranar da aka fara jibga mata aikin dare. A tambayi mai gadi da masinja kowa shi kaɗai, kuma a nemi matan da suka yi aiki a wurin kafin ita suka nemi canji ba dalili, sau da yawa nan maganar take fitowa. Duk wanda yake da dangantaka ko abota da ɗayansu ya fita daga kwamitin.

Shi ma wanda ake zargi haƙƙinsa ne a ba shi kwiri, wato takardar tuhuma, a rubuce, ya san abin da aka ce ya yi, ya amsa, ya kawo shaidunsa, ya zo da wakilin ƙungiyarsa ko NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ko NUT ta malaman makaranta. Ƙazafi yana faruwa, kuma hukuncin da aka yanke ba a ji ta bakin mutum ba kotu rushe shi take yi.

Kuma fa doka ba ta bar mu a duhu ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila ko asalin gari, wanda ya shafi irin wannan maganar ta ai ba 'yar nan ba ce da ake faɗa in an zo ƙarin girma. Gyaran da aka yi a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi da wariya a wurin aiki, kuma tana da reshe a Kano, ba sai an je Abuja ba. Dokar VAPP ta tarayya mai hana cin zarafin mutane tun 2015 take, Jigawa ta yi tata a 2021, sannan a 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya a kan haka. Amma je ka tambayi ma'aikatan sakatariya goma ka ji nawa suka san da su.

Sai ƙarshen zancen, wanda shi ne ya sa ni rubutun nan. Ko an gano gaskiyarta, ita ake yi wa taransifa, wai don a raba su a zauna lafiya. A tura ta wani ƙauye can ciki inda kuɗin acaba zai cinye rabin albashinta, da damina ma hanya ba ta biyuwa, shi kuma yana nan a kujerarsa da makullin ofis, an kawo masa wata sabuwa. Sauran matan wurin duk suna kallo, kuma sun gane abin da ake nufi. In dole sai an ɗauke wani kafin a gama bincike, to shi za a ɗauke, ita kuma a tambaye ta inda take so ta zauna, a rubuta a fayil cewa duk wanda ya taɓa mata alawus ko ƙarin girma saboda wannan ƙarar shi ma kwiri zai karɓa.