Wasa na 12 tsakanin Ju Wenjun da Lei Tingjie, wajen da abin ya juya

Wallahi duk wanda yake koyon ches ya kamata ya zauna ya sake buga wannan wasan a kan allonsa. Gasar kambun duniya ta mata ce ta 2023, 'yan Chaina biyu, Ju Wenjun mai riƙe da kambu tun 2018 da Lei Tingjie. Rabin farko a Shanghai garin Ju, rabi na biyu a Chongqing garin Lei. Lei ta ci wasa na 5, Ju ta rama a na 8, sauran duk canjaras, sai ga su a wasa na 12, na ƙarshe, maki daidai, wadda ta ci ta tafi da kambu.

Ju ce da farare. Ta buɗe da tura soja gidan d4, Lei ta turo nata c5, Ju ta cinye shi, ta kuma tsaya tana kare sojan da b4, abin da yaran da muke bugawa da su a nan Agege za su ce kwaɗayi ne. Amma a taku na 11 Ju tana da sojoji biyu a a4 da b5 babu sojan baƙi a gabansu, ita kuma Lei ta mallaki tsakiya. Kowa da abin da yake taƙama da shi.

To ga inda nake so a dakata. Lei ta kutsa dokinta b3 yana hararar ruk ɗin a1, mu da yawa da mun janye ruk ɗin da sauri, ita ko Ju ta ƙyale shi, ta kai bishof ta cinye dokin f6, Lei ta ɗauke ruk, Ju ta dawo da bishof ta cinye wancan dokin ma, sannan sarauniyar Lei ta kwashe sojan a5. Wato ruk da soja ɗaya a kan dawakai biyu. A lissafin darajar kayan wasa (ruk 5, doki 3, soja 1) 6 da 6 ne, babu riba babu asara. Sai dai lissafin nan ba ya gaya maka wa zai samu wurin zama a allo. Nan take Ju ta yi musayar sarauniyoyi, ba ta neman hayaniya.

Taku na 22 dokin Ju ya zauna d4, Lei ta kore shi da e5. Gaskiya na tausaya mata a nan, don takun yana da kyau a ido, kamar kana ture abokin gaba. Amma sojan da ya bar e6 shi ne mai gadin f5 da d5. Doki ya faɗa f5, bishof ya cinye e5, Lei ta samu b5 a madadi amma d5 ta zama marainiya, d4 kuma ta koma gidan Ju, babu sojan da zai sake korar kowa daga can.

Daga nan dai matsi ne a hankali, dawakai biyu da bishof suna aiki tare, ruk biyu na Lei sun rasa ƙofar shiga. Ju ta ci wasan, aka tashi 6.5 da 5.5.

Ina ganin irin wannan wasan ya dace a riƙa nuna wa 'yan matanmu, musamman yanzu da ƙungiyar Chess in Slums ta Tunde Onakoya ta sa ches ya shiga Oshodi da Makoko, mu a unguwannin Hausawa har yanzu allon yana hannun samari. Ƙanwata ta haddace takun har zuwa faɗawar doki f5, ranar Asabar za mu ɗora daga inda Ju ta tura soja g4.