Jirgin da aka sake wa hanci

Sama da shekara 20 ke nan ina kan inji a jirgin ja, ƙaramin jirgin ruwa mai jan manya, a minar Jidda, wato tashar jiragen ruwanta. Mu ke tarbo manyan jirage a bakin mashiga, mu tura su har su kwanta inda za a sauke kaya. Abin da na tudu ba ya gani, mu har taɓa shi muke yi.

Ba na manta ƙarshen 2008. A watan Mayu ma'aunin kuɗin dako na Baltic ya haura 11,000, zuwa Disamba ya faɗo ƙasa da 700. Wata safiya dattijon da ya koya mini aiki ya nuna mini wani jirgin kwantena, ya ce, "Ɗana, dubi jan fentin gindinsa duk a waje. In ka ga haka, yunwa jirgi yake ji, ba kaya a cikinsa." Na ce, "Baba, ke nan an daina ƙero sabon abu?" Ya ce in zuba ido.

Kamfanoni suka rage gudu. Jirgin da ya saba cin mil 24 na teku a awa ya koma 18 ko ƙasa. Ruwa ba kamar kwalta ba ne: ka rage kashi 10 cikin 100 na gudu, man da inji ke sha a yini ya ragu da fiye da rubu'i. Sai dai ƙullutun nan na hancin jirgi, wanda ke fasa ruwa a gaba, don gudu aka ƙera shi. A tafiyar hankali ja baya yake yi. Sai aka shiga yanke shi ana liƙa sabo. Ranar da na fara ganin irinsa, igiyarmu na ɗaure a gabansa, na daɗe ina kallon layin waldar, ga siririn hanci fentinsa ya fi na jikin haske. Wallahi aikin ya burge ni.

A 2011 Maersk, kamfanin jiragen dakon kaya na Denmark, ta ba da odar jiragen da ake kira Triple-E a Koriya ta Kudu, masu ɗaukar kwantena 18,000, da farfela biyu, an tsara su tun farko don tafiya a hankali. Wuya ta koya wa masu jirgi dabara.

Amma abin da ke damuna, dabarar nan sai mai kuɗin jira. A Agustan 2016 Hanjin, kamfanin jiragen dakon kaya na Koriya ta Kudu, ta durƙushe, jiragenta suka yi makonni a teku, tashoshi sun ƙi karɓarsu, ma'aikata na ciki suna lissafin abinci da ruwan sha. Mutane ne irina, masu iyali.

Tun ƙarshen 2023 hare-hare kan jirage a Bahar Maliya sun sa jirage da yawa zagayawa ta Afirka ta Kudu, ƙarin kusan kwana 10. Yanzu ni ne yara ke ce wa Baba a ɗakin inji. Jiya ɗaya ya tambaye ni me za a yanke a wannan karon. Na miƙa masa sifana, muka sauka duba famfon mai.